Dorinar Ayoru da Kakar Kyaututtuka

Sana'ata ɗaukar sauti ce. Ni ne mutumin nan da ke tsaye a gefe da doguwar sanda, kunnuwa a rufe, ana ɗaukar fim ba a ganinsa. Da gwiwoyi suka fara ƙin doguwar tsayuwa, sai na koma gidan rediyo ina hira da masu yin fim na gaskiya, wanda a Najeriya ake kira dokumentari, mu kuma a Nijar muke cewa dokimanter. Fim ne da ba a ɗauko ɗan wasa, ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Mutum da rayuwarsa ake bi.

Wannan sana'a tana da kakarta. Daga watan Nuwamba, lokacin bikin IDFA na birnin Amstadam, har zuwa Maris da ake raba kyautar Oscar a Amurka, daraktoci ba sa zama. A tsakani akwai Sundance a Janairu, da Balin a Fabrairu, sannan duk bayan shekara biyu ga FESPACO a Wagadugu. A waɗannan watanni ne 'yan jarida ke yi musu layi, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne: yaya kika ji da aka kira sunanki, wane ƙalubale kika fuskanta, mene ne shirinki na gaba. Ni ma na yi irinsu shekara da shekaru. Yanzu tambaya ɗaya nake fara yi: mutanen da ke cikin fim ɗin sun gan shi? Dalilin tambayar yana cikin tarihin sana'ar tamu.

Iyayenmu sun fara sanin fim na gaskiya ne ta hanyar majigi. A Arewacin Najeriya mota ce ke shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji, wani ya riƙe lasifika yana fassara. Abin da ake nunawa shi ne yadda ake kashe ɓera, yadda ake shuka auduga a layi, yadda ake haƙa masai. Hukumar fim ta mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939 tana da ra'ayin cewa Baƙar fata ba ya gane hoto mai sauri, don haka a rage motsin kyamara, a maimaita masa komai. A ɓangaren Faransa kuwa dokar Laval ta 1934 ta sa ba mai ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka sai da izinin gwamna, izinin da ɗan ƙasa ba ya samu. Shi ya sa lokacin da Paulin Vieyra da abokansa suka so yin fim a 1955, a Paris suka yi shi, suka sa masa suna Afrique sur Seine.

Mutane da yawa ba su san cewa fim ɗin da aka ɗauka a Najeriya ya taɓa cin Oscar ba. Daybreak in Udi ne, na 1949, labarin gina gidan haihuwa a ƙasar Ibo, wanda jami'in gundumar, Bature, ya fito a matsayin kansa. A 1950 aka ba shi kyautar fim na gaskiya mafi kyau. Turawa suka rubuta, Turawa suka ɗauka, Turawa suka karɓa. Mutanen Udi su ne suka ɗauki bulo a ka.

Sai Jean Rouch. Ba a maganar fim a Nijar a tsallake shi, kuma ba a maganarsa a cikinmu ba tare da an yi gardama ba. Injiniyan hanya ne, ya zo Yamai a 1941, ya haɗu da Damouré Zika, abotar da ta ɗore har mutuwa. Ya koma Faransa ya dawo da ƙaramar kyamara wadda ake ɗauka a hannu, ya bi kogin Kwara. Akwai abin da ya same shi a Ayoru wanda duk ɗalibin sauti ya kamata ya haddace. Ya ɗauki Sarkawa suna farautar dorina, ya tafi Paris ya haɗa fim ɗin, ya ɗora kiɗa a daidai inda farautar ta yi zafi, don zuciyar mai kallo ta buga. Bayan wani lokaci ya dawo da fim ɗin Ayoru, ya kafa ƙyalle ya nuna wa masu farautar. Suka kalla, suka sake kalla, sannan suka ce masa ya yi kuskure. Ba a kiɗa a farautar dorina. Dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗan zai ƙara mata ƙarfin zuciya ta tsere. Rouch ya cire kiɗan.

Na daɗe ina juya wannan labari. Babu alƙalin biki a Turai da zai iya kama wannan kuskure, domin a kunnensa kiɗan daidai yake, har ma ya ƙara armashi. Wanda ya san dorina ne kaɗai zai ji cewa an yi ƙarya. Kuma ƙaryar ba a hoto take ba, a sauti take, wurin da mai kallo bai cika tsaro ba. Duk lokacin da wani darakta ya ce mini in nemo masa kukan sarewa a ɗora a kan hoton mace tana daka, wai don a ji tausayi, dorinar Ayoru nake tunawa. Matar da ke daka ba tausayi take nema ba, tuwon dare take nema, kuma amon taɓarya da turmi ya ishi kowane kunne.

Wannan bai wanke Rouch daga zargi ba. Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a Akara a kan 'yan borin Hauka, mutanenmu da suka je ci-rani, ya ɓata wa ɗaliban Afirka da ke Paris rai ƙwarai, saboda kumfar baki da naman kare da aka nuna wa Turawa. Duk da haka ya ci kyauta a Venis a 1957. Ousmane Sembène ya faɗa masa ido da ido a 1965 cewa irinsu suna kallonmu kamar yadda ake kallon ƙwari. Ina ganin Sembène yana da gaskiya, ina kuma ganin cewa daga hannun Rouch ɗin ne kyamara ta zame ta faɗo hannunmu. Oumarou Ganda ɗan dako ne a tashar jirgin ruwan Abijan, tsohon sojan da Faransa ta kai yaƙin Indocin, lokacin da Rouch ya sa shi a Moi, un noir na 1958. Bayan shekara goma ya yi nasa fim ɗin, Cabascabo, ya ba da labarin sojan da bakinsa. A 1972, da FESPACO ta fara ba da babbar kyautarta ta Dokin Yennenga, shi ya fara ɗauka da Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane kuma tun 1962 ya yi Aouré a kan aure a ƙauyen Zabarmawa. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a Fabrairun 2004, a Yamai aka binne shi.

Bayan rasuwar Ganda a 1981 abin ya yi sanyi. Kuɗi suka ƙafe, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mu da muka shigo sana'ar daga baya, aikin ƙungiyoyin agaji muka tarar: fim a kan rijiya, fim a kan rigakafi, fim a kan tamowa. Ba na raina shi, da shi muka ciyar da iyali, a nan kuma muka koyi aiki. Amma majigi ne ya dawo da sabuwar riga. An rubuta amsar tun daga ofis, aikinmu mu nemo bakin da zai faɗe ta. Na taɓa tsayawa da sanda a wani ƙauye ana sa wata dattijuwa ta maimaita godiya har sau shida, don ba ta ambaci sunan masu ba da kuɗin yadda ake so ba. A karo na shida muryarta ta mutu, kalmomin ne kawai suka rage. Shi aka ɗauka.

Rahmatou Keïta ce ta tuna mana abin da muka yi asara, da Al'lèèssi, fim ɗinta a kan Zalika Souley, tauraruwar fina-finan farko na Nijar, wadda ta same ta tana zaune cikin rashi a gefen Yamai. Sannan Inoussa Ousseini ya kafa dandalin fim na gaskiya a Yamai a 2006, matasa suka fara samun hanyar zuwa karatu a jami'ar Gaston Berger da ke Sanlui ta Sanagal. Abin da ya fito daga nan shi ne, a ganina, mafi daraja a tarihinmu, domin kowannensu gida ya juya da kyamararsa.

Sani Magori ɗan Galmi ne, malamin gona kafin ya zama darakta. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, manomin albasa ya bi, wanda auren 'yarsa ke jiran farashin buhu. Duk Bahaushen da ya taɓa ɗage biki saboda kaka ba ta yi kyau ba ya san wannan jira. Ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA a Najeriya a 2009. Wanda ya biyo bayansa, Kukan Kurciya, ya fi shiga rai: ya ɗauki tsohuwar zabiya, wadda waƙoƙinta suka sa samari barin gari a da, ya tafi da ita Abijan don ta kira mahaifinsa ya dawo gida. Amina Weira ta koma Arlit, garin yuraniyom, ta zaunar da mahaifinta, tsohon ma'aikacin ma'adinai, ta tambaye shi labarin ƙurar da suka shaƙa. Aïcha Macky ta Damagaram ta yi abin da ban taɓa zaton za a yi da Hausa a gaban kyamara ba. A L'arbre sans fruit na 2016 ta yi maganar rashin haihuwarta, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wurin haihuwa, ta zauna da matan da ake kira juya a bayan idonsu. Shi ma AMAA ta ba shi kyauta. A 2021 ta fito da Zinder, ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da, ta zauna da 'yan fale, wato gungun samarin unguwar masu ɗaga ƙarfe, da masu fasa-ƙwaurin fetur.

Bambancin waɗannan da baƙo shi ne ba su da inda za su gudu. Baƙo in ya gama ɗauka ya hau jirgi. Wadda ta ɗauki unguwar garinsu kuwa za ta dawo suna, za ta dawo gaisuwar mutuwa, za ta haɗu da uwar yaron da ta nuna yana shan ƙwaya. Wannan tsoron yana gyara fim fiye da kowace makaranta.

Ba ina cewa kyauta banza ce ba. Na ga abin da take yi. Kuɗin waɗannan fina-finai daga waje yake zuwa, daga asusun bukukuwa da tashoshi irin su Arte, kuma wanda ya ci kyauta a bana shi ake amsa wa wasiƙa baɗi. Wani lokaci ma kyauta garkuwa ce. Moses Bwayo, ɗaya daga cikin daraktocin fim ɗin da aka yi a kan Bobi Wine na Yuganda, an kama shi an tsare saboda aikin, har ya bar ƙasar, kuma shigar fim ɗin cikin biyar na ƙarshe a Oscar ta 2024 ta sa duniya ta san sunansa. A shekarar ce Mati Diop ta ɗauki babbar kyautar Balin da Dahomey, a kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Binin. Na yi murna har na kira abokai.

Amma ga yadda hanyar Oscar take. Sai fim ya yi mako guda a gidan silima a ɗaya daga wasu manyan biranen Amurka, ko ya ci ɗaya daga bukukuwan da suka amince da su. Sannan 'yan reshen fim na gaskiya su zaɓi 15 a Disamba, su rage su zuwa biyar a Janairu. Tsakanin nan sai an yi ta nuna fim ɗin ga masu zaɓe, a biya masu tallata shi, darakta ya yi watanni yana yawo daga wannan hira zuwa waccan. Wanda babban kamfani bai tsaya masa ba, da wuya ya kai. Illar da na fi gani ita ce tun kafin a kunna kyamara matashi ya fara tunanin kunnen waɗancan alƙalai. Sai ka ji takardar neman kuɗinsa cike da Boko Haram, da ƙaura, da hamada, alhali abin da ke cin ransa shi ne gardamar gado a gidansu. A ɗakin haɗa hoto kuma a nan ake yanke doguwar gaisuwa, wai tana cin lokaci, ba a san cewa a cikin gaisuwar ne mai jin Hausa ke gane wa ke fushi da wa ba. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ta mayar da habaici magana miƙaƙƙiya. Sai kiɗan ya biyo baya.

Kwanan baya wani matashi ya zo ɗakin hira, ya dawo daga wani biki a Turai da lambar yabo a jaka. Fim ɗinsa a kan masu haƙar rijiya ne na ƙauyen kakanninsa. Na yi masa tambayata. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Baba, ba su gani ba tukuna. Tsoro nake ji.” Na ce tsoron me? Ya ce akwai wurin da ya ɗauko muryar wani dattijo daga wata rana ya ɗora a kan hoton wata ranar daban, kuma ya san dattijon zai gane, domin ranar farko da hazo, ta biyun babu.

Da muka kashe na'ura na tambaye shi ko garin yana da wuta. Babu. Muka yi lissafin janareta da man da zai sha, da ƙyalle, da kuɗin mota. Lasifika biyu nake da su a gida, na ce ya zo ya ɗauka. Ya ce sai dai mu tafi tare, in zauna kusa da dattijon. Mun sa ranar kasuwar garin, bayan sallar isha'i.