Melatonin: Yadda 'yan dakon ƙwayoyin halitta ke rarraba sinadarin barci a jiki

Melatonin sinadari ne da jikin ɗan Adam ke samarwa idan duhu ya yi, kuma shi ne ke sanar da gaɓoɓi cewa dare ya shiga. Shekaru da dama masana sun ɗauka cewa da zarar ya shiga jini yana ratsa ko'ina ba tare da shamaki ba. Binciken da aka gudanar tun daga 2008 ya nuna cewa akwai wasu furotin a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin halitta waɗanda ke ɗaukarsa su shigar da shi ciki, tamkar 'yan dako a bakin kasuwa. Saboda haka yawan melatonin da ke yawo a jini ba lalle ne ya yi daidai da wanda ya isa cikin ƙwayar halitta ba. Wannan batu ne da ya shafi duk mai sayen ƙwayar melatonin don neman barci.

Inda yake fitowa

Likitan fata Aaron Lerner da abokan aikinsa na Jami'ar Yale da ke Amurka ne suka fara tace melatonin a 1958, daga ƙwaƙwalwar shanu. Wani ɗan ƙullutu ne mai suna finiyal ke samar da shi a tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Jiki na ɗaukar sinadarin tiriftofan daga abinci ya mayar da shi serotonin, daga nan kuma ya mayar da shi melatonin. Hasken da ke shiga ido shi ne ke dakatar da aikin, shi ya sa yawansa ke kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na dare, ya kuma yi ƙasa sosai da rana.

Finiyal ba ya ajiye abin da ya samar. Nan take yake sakinsa ta hanya biyu: cikin jini, da cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. A cikin jini, kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na manne wa wani furotin mai suna albumin, wanda ke yawo da shi. Ragowar da bai manne ba shi ne ke shiga gaɓoɓi kai tsaye.

Tantani da ƙofofinsa

Kowace ƙwayar halitta na da tantani siriri da aka gina da kitse. Abin da ke narkewa a mai yana iya ratsa shi, amma abin da ke narkewa a ruwa kaɗai, kamar sukari, sai ya bi ta ƙofa. Ƙofofin nan furotin ne da ke dase a jikin tantanin, kowanne da irin kayan da yake ɗauka.

Melatonin ƙarami ne, kuma yana narkewa a mai, yana kuma ɗan narkewa a ruwa. Don haka yake tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, yake ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, yake kuma fita a nonon uwa, inda ya fi yawa da dare. Wannan ratsawa ta kai tsaye tabbatacciya ce. Sai dai akwai alamomin da ake gane aikin ɗan dako da su. Abin da ke ratsawa da kansa yana ƙaruwa a ciki gwargwadon yadda aka ƙara shi a waje. Abin da ke bin ƙofa kuwa yana da iyaka, domin idan 'yan dako suka cika da kaya, ƙarin kaya ba ya ƙara saurin shiga. Haka kuma wani kayan na iya yin gasa da shi a kan ƙofa ɗaya. A 2008 masu bincike a Jami'ar Obiyedo da ke Sifaniya suka ba da rahoton cewa yadda melatonin ke shiga ƙwayoyin kansar furostet ya fi kama da na abin da ake ɗauka.

Ƙofar sukari

A 2015 rukunin na Obiyedo, da David Hevia a kan gaba a rubuta sakamakon, ya nuna cewa melatonin na bin wata ƙofa mai suna GLUT1. Aikinta na asali shi ne shigar da sukarin gulukos, kuma tana da yawa a jajayen ƙwayoyin jini da jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. A gwajin, ƙwayoyin da aka ƙara musu wannan ƙofa sun fi tara melatonin, yayin da yawan gulukos ya rage shigarsa. Shi ma melatonin ya rage yawan sukarin da ƙwayoyin kansar ke sha. Abin ya ja hankalin masana, domin ƙwayoyin kansa da yawa na ƙara yawan GLUT1 saboda tsananin buƙatarsu ta sukari.

Ƙofofin hanji da ƙoda

A 2017 masu bincike a Jami'ar Koyon Aikin Likita ta Daliyan da ke Chaina suka gano wasu ƙofofi biyu, PEPT1 da PEPT2. An san PEPT1 a ƙaramin hanji, inda take tsotsar gutsattsarin furotin na abinci da wasu magunguna irin su sefaleksin. PEPT2 kuma ta fi yawa a ƙoda da wurin da ake samar da ruwan ƙwaƙwalwa. Binciken ya nuna cewa ƙofofin biyu na nan a jikin maitokondiriya, wato 'yan ɗakunan da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi, kuma suna taimakawa wajen shigar da melatonin cikinsu. A nan ne ake yawan samun gurɓatattun sinadarai masu lalata ƙwayar halitta, kuma melatonin na cikin abubuwan da ke kashe kaifinsu.

Binciken ya kuma nuna cewa wata ƙofa ta ƙoda mai suna OAT3 na ɗaukar ragowar melatonin bayan hanta ta sarrafa shi. Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike da kuma ɓeraye, don haka melatonin bai zama maganin kansa da likitoci ke rubutawa ba.

Ya kamata a bambance 'yan dakon nan da masu karɓar saƙo, wato MT1 da MT2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Su waɗannan ba sa shigar da melatonin ciki. Yana taɓa su ne daga waje, su kuma su isar da saƙon dare. Ta hanyarsu ne yake daidaita agogon jiki da lokacin barci.

Rabon da bai zo daidai ba

Awon da aka yi a sassan jiki ya tabbatar da cewa melatonin ba ya bazuwa bai ɗaya. A 1999 wani bincike a kan tumaki a Faransa ya samu cewa da dare yawansa a ruwan da ke kusa da finiyal ya ninka na jini kusan sau 20. A 2012 masana a Jami'ar Giranada da ke Sifaniya suka auna shi a hanta da ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka tarar ya fi yawa a tantani, sai maitokondiriya, sai cibiyar ƙwayar halitta, sannan ruwan cikinta. Da suka riƙa ƙara wa ɓerayen melatonin, tantani ya ci gaba da tarawa, amma maitokondiriya da cibiya sun kai wani matsayi suka tsaya. Bugu da ƙari, hanji da wasu gaɓoɓi na samar da nasu melatonin don amfanin kansu.

Hanta da ƙwayar da ake sha

Wanda ya haɗiye ƙwayar melatonin, daga hanji sai hanta kafin ta shiga sauran jiki. A can wani sinadari mai suna CYP1A2 ke narkar da mafi yawanta, har abin da ke isa jini a matsakaici bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, kuma yana bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Cikin ƙasa da awa ɗaya rabin abin da ya shiga jini ya tafi, ragowar kuma ta fita a fitsari.

Duk abin da ya taɓa CYP1A2 ya taɓa melatonin. Maganin ciwon damuwa fulubokzamin na ninka yawansa a jini har kusan sau 17. Kafin da ke cikin kofi da shayi da goro na gasa da shi a hanta, ga shi kuma yana kore barci. Hayaƙin taba na ƙara wa sinadarin hantar kuzari, sai melatonin ya ƙare da wuri.

A Birtaniya sai da takardar likita ake sayen melatonin, a Amurka kuwa ana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci. Wani bincike na Jami'ar Guelph da ke Kanada a 2017 ya auna nau'i 31 na kasuwa, ya samu cewa wasu sun gaza abin da aka rubuta a kwalba da kashi 83 cikin ɗari, wasu kuma sun zarce da kashi 478. Tun da hanta na rage abin da aka sha, kuma ƙofofin ƙwayar halitta na da iyaka, ninka ƙwaya ba ya nufin ninka amfani, sai dai ya jawo kasala da ciwon kai washegari. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon hanta ko ƙoda, da mai shan maganin sukari, hawan jini ko na tsinka jini, su tuntuɓi likita kafin su sha, haka ma iyayen da ke tunanin bai wa yara. Mai saye a Najeriya kuma ya duba lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalbar.