Kufan 'Yandoto da Takardun da Iska ta Watsa

Duk wanda ya kama hanyar Gusau daga Funtuwa, ya wuce 'Yankara ya shiga ƙasar Tsafe, to ya ratsa kusa da kufan 'Yandoto, ko ya sani ko bai sani ba. Yau a Jihar Zamfara yake, amma shekaru aru-aru garin yana ƙarƙashin Katsina, kuma shi ne matattarar malaman kudancinta. Ruwayar baka ma ta ce daga nan Korau ya fito, ɗan kokawar da ya kashe Sanau ya haye gadon sarautar Katsina.

Tsakanin 1805 da 1806 ne tauraron garin ya faɗi. Malamansa sun ƙi miƙa wuya ga jihadin Shehu Usmanu, sai Muhammadu Bello ya zo da runduna ya ci garin, masu karatu suka watse. Abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. Shehu Laminu na Barno, a wasiƙunsa, ya zargi mutanen jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello bai ɓoye zargin ba, ya kawo shi tare da amsarsa a Infaƙul Maisuri: ya shaida cewa ya ga iska tana watsa takardu a wani gari da suka ci, ya yi ta tsintarsu har ya gaji, ya kuma ɗora alhakin a kan mayaƙan da suka yi rububin ganima. Masana tarihi da dama na ganin 'Yandoto yake nufi. Ke nan shaidar da aka fi dogara da ita kan asarar garin daga alƙalamin wanda ya ci shi ta fito. Adalci ne a yaba masa, amma bakin ɗaya ɓangaren ba mu ji shi ba.

Indiya ma tana da irin wannan kufai: Nalanda, gidan ibada da karatu na mabiya addinin Buda a Bihar, wanda ya rushe wajen shekarar 1200. Da jan bulo aka gina shi, shi ya sa da aka fara tono a 1915 aka tarar da ɗakunan ɗalibai a jere, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 2016. Ginin 'Yandoto na ƙasa ne, kowace damina tana cin rabonta, garma na ƙarasa sauran. Sunan dai yana nan a bakin fadawa, domin har gobe 'Yandoton Tsafe ake kiran sarkin Tsafe.