Daga Juji zuwa Fadama: Nazarin Taƙaddamar Ƙona Shara da Sake Sarrafa Ta a Garin Haɗeja

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci saɓanin da ke tsakanin mazauna Haɗeja kan yadda ya dace a yi da shara: a ƙona ta, ko a kwashe ta zuwa bayan gari, ko a sake sarrafa ta. An auna kowane ra'ayi da yanayin ƙasar garin da kuma tanadin doka. Nazarin ya nuna cewa cakuɗuwar leda da sharar da ke ruɓewa ce ta katse tsohuwar al'adar mayar da juji taki, don haka gyara zai fara ne daga rarrabe shara tun a tsakar gida.

Muhimman kalmomi: shara, juji, leda, taki, fadama, Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Haɗeja ita ce hedikwatar masarauta mai ƙananan hukumomi 8 a arewa maso gabashin Jihar Jigawa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarta mutum sama da 100,000. Garin yana bakin Kogin Haɗeja, wanda ruwan kogunan Kano da Challawa ke haɗuwa su samar, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Cadi. Biyu daga cikin waɗannan dausayoyi suna ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi: Tafkin Nguru da mashigar Marma tun 2000, sai Baturiya tun 2008. Ke nan ledar da aka yar a kwatar unguwa ba ta tsayawa nan. Damina na iya kai ta gonar shinkafa ko komar masunci.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: wace hanya ce ta dace da gari mai kwance a kwari, wanda ruwa ke yi wa barazana kusan kowace damina? An dogara da bayanan yanayin ƙasa, da takardun doka, da lura da yadda jama'a ke mu'amala da bola.

2.0 Juji a Da da Yanzu

A tsohon tsarin ƙasar Hausa juji dukiya ne. Abin da ke cikinsa toka ce, da kashin dabbobi, da ƙaiƙayi, da ganyen da aka ƙunshe abinci. Da rani manoma kan ɗora mangala a kan jaki su kwashe shi zuwa gona. Masanin yanayin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana yadda wannan safara ta taki ta riƙe gonakin kewayen Kano ana noma su kowace shekara ba tare da hutu ba.

Leda ta ɓata wannan ciniki. Manomin da ya sauke amalanken juji a yau sai ya duƙa yana tsince baƙar leda, da ledar fiya-wata, da matattun batura, da kunzugun jarirai na zamani. Wadda ta kuɓuce masa iska ce za ta watsa, ta maƙale a ƙaya ko ta shiga bakin dabba. Mahauta sun saba farke tumbin tunkiya su tarar da leda a dunƙule kamar igiya. Da manomi ya rage sha'awar juji sai bola ta fara tsayuwa a cikin gari, daga nan taƙaddama ta taso.

3.0 Ra'ayoyi Uku

3.1 Masu cewa a ƙona

Hujjarsu a fili take: wuta na rage tarin, ta kori ƙuda da ɓeraye, kuma ba ta cin ko sisi. Da yammacin hunturu, lokacin da iska ta kwanta, hayaƙin bola kan lulluɓe layi har a ji shi a maƙogwaro. Matsalar ita ce wutar bola ba ta da zafin da zai cinye roba sarai. Idan akwai sinadarin kulorin a cikin tarin, tana haifar da gubar dayoksin, wadda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa cikin gubobin da ba sa narkewa da wuri, kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar a 2004. Gubar kan zauna a toka da ƙasa, ta taru a kitsen dabba da ƙwan kajin da ke tonon juji. An yi gudun gara an tarar da zago.

Wasu masu ilimin zamani na ganin a kafa injin ƙona shara, suna misali da masana'antar Reppie da aka buɗe a Addis Ababa a 2018. Amma irin wannan inji yana buƙatar zafin da bai gaza digiri 850 ba, da matatar hayaƙi, da shara mai ci da kanta. Sharar da ta cika da ƙasa da toka da danshi ba ta ci sai an ƙara mata mai. Inda ƙonawa ta zama dole shi ne sharar asibiti, kamar allurai da audugar jini, ita ma a tanderu na musamman.

3.2 Masu cewa a kwashe

Waɗannan na neman motocin shara da filin zubarwa. Nan ne yanayin Haɗeja ke shigowa. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe mashigai da dama, kuma yankin ya sha ambaliya a 2012 da 2018 da 2020 da 2022. A irin wannan ƙasa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, don haka ramin da aka binne shara a ciki na iya tsiyaya zuwa rijiya, ambaliya kuma ta tone shi. Haka nan cike kududdufi da shara yana toshe wurin da ruwan sama ya saba kwanciya. Kwashewa na da amfani, amma sai a kan tudu, nesa da fadama, kuma kowane sawu na cin kuɗin mai.

3.3 Masu cewa a sarrafa

'Yan jari-bola da 'yan gwangwan sun daɗe suna wannan aiki ba da umarnin kowa ba. Suna sayen ƙarfe da dalma da robar da ta fashe, yara da almajirai na tara gorunan ruwa, masu zoɓo da kunun aya na sake amfani da su. Sai dai kasuwa tana ɗaukar abin da ke da nauyi a sikeli ne kawai. Baƙar leda ba ta da nauyi, ga datti, don haka ita ake bari, ita ce kuma ke toshe kwalbati. Akwai kuma ƙorafin da jama'a ke yi na cewa wasu na fakewa da sana'ar su yi sata.

4.0 Matsayin Doka

Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙaramar hukuma. A jiha akwai hukumar kare muhalli ta JISEPA, a tarayya kuma NESREA da aka kafa a 2007, ga manufar ƙasa kan sharar roba ta 2020. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Giɓin yana tsakanin ofis da ƙofar gida, inda a da duba-gari da mai unguwa ke tsayawa.

5.0 Kammalawa

Ra'ayoyin uku duk sun ɗauki shara a matsayin tari guda, alhali kowanne zai fi aiki idan an raba ta. Maƙalar na ba da shawarar gida ya ware mazubi biyu: na abin da ke ruɓewa, wanda zai koma wa manoman fadama da na aikin noman rani na Auyo, da na leda da roba, wanda za a tara a matattarar unguwa a sayar wa dillalai masu rajista. Ragowar kaɗan ce mota za ta kai tudu. Ya kamata Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa su auna abin da ke cikin bolar garin, rani da damina, kafin a kashe kuɗi kan kowane inji.

Mutanen da kan fito gayya su cika buhuna da ƙasa don ɗaure jinga idan kogi ya kawo ba sa buƙatar a koya musu aikin haɗin kai. Abin da ya rage shi ne a yi gayyar tun cikin rani, kafin ledar ta isa kwata.