Ina Za a Ɗaura Auren? Tarihin Amaryar da Za Ta Bi Miji Ƙetare

A Kankia da Kusada akwai gidajen da ɗansu yake Jidda ko Makka yana neman abinci, budurwar da yake so kuwa tana gida. Idan magana ta kai ga aure, sai dangi su rabu biyu: a ɗaura a nan ta tafi tana matar aure, ko ta tafi a ɗaura a can? Wannan mas'ala tana da tsohon tarihi.

Asalinta yana cikin Sira. A shekara ta 7 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) yana Madina ya aika Amru bn Umayya zuwa ga Najjashi domin neman auren Ummu Habiba, 'yar Abu Sufyan, wadda take zaune a Habasha. A can aka ɗaura auren. A ruwayar Abu Dawuda, Najjashi ya biya sadaki dirhami 4,000, kana ya turo ta tare da Shurahbil bn Hasana. Ke nan an ƙulla auren a inda matar take, ta kama hanya tana da miji tabbatacce da amintaccen ɗan rakiya.

Malaman Malikiyya sun tafi a kan haka. Waliyyi rukuni ne, wakilci kuma ya halatta ga ango, shi ya sa har gobe ake ɗaura aure a ƙofar gida ko a masallacin Juma'a, waliyyi da wakili su yi siga, a raba goro, alhali ango yana wata uwa duniya. Nisan da ya fi damun malamai shi ne nisan waliyyi. Halil a cikin Muhtasar ya kawo hukuncin uban da ya yi tafiya mai nisan da ke tsakanin Misra da Ifriƙiyya, inda al'amari yake komawa hannun alƙali.

Kakanninmu sun gamu da wannan hukunci a aikace. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya ci gaba da hijira gabas har ya zauna a gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, a garin da ke ɗauke da sunansa. Maniyyatan ƙasa kuma sukan shafe shekaru a hanyar Borno, Wadai da Darfur, da yawansu suna tsayawa aikin auduga a Jazira bayan buɗe ta a 1925. 'Yan matan da suka balaga a hanya, ko waɗanda iyayensu suka rasu, a hannun malaman zango da alƙalai aka aurar da su. Amma wannan lalura ce ta wadda waliyyinta ya yi mata nisa.

Abin da zamani ya ƙara shi ne iyaka da takarda. Najjashi bai buƙaci fasfo ba. A yau auren da ya inganta a Shari'a, idan ba a rubuta shi ba, yana iya barin mace a ƙasar mutane ba ta da hujjar neman izinin zama, 'ya'yanta ba su da shaidar haihuwa, gadonta kuma yana lilo idan mijin ya rasu.

Saboda haka, abin da ya fi kusa da tarihi da fiƙihu shi ne a ɗaura a gida, gaban waliyyi da shaidun da suka san asalin kowa, a karɓi takardar shaidar aure daga hukuma, a kuma bincika sharuɗɗan ƙasar da za ta je tun kafin a sa rana. Walima kuwa ana iya yin ta a can. Allah ne Mafi sani.