Asalin Digirin Dakta a Ilmin Halittar Jijiyoyi: Misali Daga Jami'ar Harvard

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda ilmin halittar jijiyoyi, watau nazarin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki, ya tsaya da ƙafarsa har aka fara neman digirin dakta a cikinsa. Za a ɗauki Jami'ar Harvard ta Amurka a matsayin misali, domin a nuna cewa fannin ilmi ba ya zama da gindinsa sai ya fara yaye ɗalibai na kansa.

Kafuwar Sashe

Kafin tsakiyar ƙarni na ashirin, an rarraba nazarin ƙwaƙwalwa ne a tsakanin sassa daban-daban. Masu nazarin ƙirar jiki suna duba siffarta, masu nazarin aikin gaɓoɓi suna auna wutar da ke gudana a jijiya, masu ilmin magunguna kuwa suna bin sinadaranta. Ɗalibin da ke son fahimtar ƙwaƙwalwa dole ya zaɓi ƙofa ɗaya ya bar sauran.

Wanda ya haɗa waɗannan ƙofofi a Harvard shi ne Stephen Kuffler. An haife shi a Hangare a 1913, ya gama karatun likita a Biyana a 1937, sa'an nan ya yi ƙaura zuwa Ostareliya a 1938, inda ya yi aiki tare da John Eccles da Bernard Katz. A 1959 ya baro Jami'ar Johns Hopkins zuwa Harvard tare da wasu matasan masu bincike, cikinsu har da David Hubel da Torsten Wiesel. Da farko sun raɓa ne a sashen ilmin magunguna, sai a 1966 aka ba su sashe mai cin gashin kansa. Abin lura a nan shi ne, su ukun nan duk ta hanyar likitanci suka shigo fannin, domin a zamanin ɗalibtarsu babu irin wannan sashe.

Hubel da Wiesel sun gano cewa idan aka rufe idon ɗan kyanwa guda a farkon rayuwarsa, ƙwaƙwalwa takan daina amsa saƙon wannan ido, ko da an buɗe shi daga baya. Wannan ya ƙarfafa wa likitoci gwiwar cire yanar ido ga jarirai da wuri. An ba su Lambar Nobel a 1981.

Ɗaliba a Gaban Malamanta

A hannun waɗannan malamai biyu ne Carla Shatz ta yi karatunta. Ta sami digirin farko a ilmin sinadarai a Kwalejin Radcliffe a 1969, ta ƙaro ilmin aikin gaɓoɓi a Landan, kana ta koma Harvard. Kundinta ya shafi kyanwar Siyam, wadda jijiyoyin idanunta ke ƙetarawa zuwa ɗaya ɓangaren ƙwaƙwalwa fiye da yadda aka saba. Ta binciki yadda ƙwaƙwalwa ke sake tsara hanyoyinta a sakamakon haka. A 1976 ta zama mace ta farko da ta sami digirin dakta a wannan fanni a Harvard.

Ba ta tsaya inda malamanta suka tsaya ba. Su sun nuna tasirin gani bayan haihuwa, ita kuwa ta koma baya ta tambayi abin da ke faruwa kafin ido ya ga haske. Bayan ta koma Jami'ar Stanford a 1978, ita da abokan aikinta sun nuna cewa ƙwayoyin jijiya na tantanin ido suna aika saƙo da kansu tun kafin gani ya fara, kuma idan aka toshe wannan saƙo, hanyoyin idanu biyu ba sa rabuwa yadda ya kamata a ƙwaƙwalwa. A shekarar 2000 ta dawo Harvard ta shugabanci sashen da ya yaye ta, har zuwa 2007, ita ce kuma mace ta farko a wannan kujera.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa shekara talatin da huɗu ne kacal tsakanin kafuwar sashen da ranar da ɗalibarsa ta karɓi ragamarsa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne an tara masana dabam-dabam a inuwa guda, an kuma bar ɗalibi ya ɗauki tambayar malaminsa ya wuce da ita gaba. Duk jami'ar da ke son kafa sabon fanni, tilas ta tanadi waɗannan abubuwa biyu kafin ta fara ba da digiri.