Daga Shanghai Zuwa Kankara: Tarihin Dokar Ƙwaya Da Muhawarar Gyara Ta

Yau za mu bi sawun dokar da ake kama mai shan ƙwaya da ita a Kankara, Faskari da Sabuwa. Daga ina ta taso? Kuma me ya sa yanzu duniya ke jayayya a kanta?

Labarin ya fara ne daga ƙasar Sin. A ƙarni na 19, ƴan kasuwar Birtaniya suna kwaso opiyam daga Indiya suna sayar wa Sinawa. Opiyam wani danƙo ne da ake tatsa daga ƙwallon wani fure, daga gare shi ake samun mofin da hiroyin. Da abin ya yi ƙamari, a 1839 wani jami'in sarki mai suna Lin Zexu ya ƙwace kimanin akwati 20,000 ya lalata. Birtaniya ta ɗauko jiragen yaƙi, ta ci Sin da yaƙi, a 1842 ta karɓe Hong Kong. Kun ji fa, a wancan lokacin gwamnati ce da kanta ke yaƙi don a bar ta ta sayar da kayan maye.

Sai a 1909 ƙasashe 13 suka zauna a Shanghai bisa kiran Amurka, a 1912 kuma aka sa hannu a yarjejeniyar farko ta duniya a birnin Hague. Tabar wiwi ba ta cikin ƙa'idojin farko. Masar ce ta matsa lamba aka shigar da ita a taron Janeba na 1925. Shekara goma bayan haka, a 1935, Turawan mulkin mallaka suka kafa wa Najeriya dokar miyagun ƙwayoyi. Ba a tambayi kowa a Katsina ba, daga sama ta sauko.

Tsarin da ake bi yau yana tsaye ne a kan yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya: ta 1961 a kan wiwi da opiyam da hodar iblis, ta 1971 a kan ƙwayoyin da ake haɗawa a masana'anta, da ta 1988 a kan fataucinsu. A 1971 ne kuma shugaban Amurka Richard Nixon ya ayyana shaye-shaye a matsayin babban abokin gabar ƙasarsa, aka shiga abin da ake kira yaƙi da ƙwaya.

To mu fa? Sojojinmu sun ɗauki abin da zafi. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, kafin a sassauta a 1975. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta fito da doka ta 20, kuma ranar 10 ga Afrilu 1985 aka harbe mutum uku a Legas: Bartholomew Owoh, Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Abin da ya tayar da ƙura shi ne an mayar da dokar baya, ta hau laifin da aka aikata tun kafin a fito da ita. Gwamnatin Babangida ta soke kisan, sannan a 1989 ta kafa hukumar NDLEA.

Bayan duk wannan, me aka samu? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani nau'in ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

Ga inda abin yake da ɗaure kai. Tiramol, wanda ɗan acaba da ɗan ƙwadagon gona ke haɗiya don jiki ya daina jin gajiya, wanda kuma NDLEA ta sha sanar da kama shi a hanyar kai wa ƴan bindigar daji, ba ya cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin nan suka ƙayyade. Masar ta nemi a saka shi. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba a 2018, bai ba da shawarar hakan ba, saboda a ƙasashe matalauta sau da yawa shi ne maganin da mai ciwon daji ko wanda ya yi haɗari zai iya samu. Wato idan ka toshe ƙofa don ɗan shaye-shaye, maras lafiya ma ka rufe shi a waje. Indiya, inda mafi yawansa ke fitowa, ta tsananta dokarta a 2018, shekarar da Najeriya ta hana maganin tari mai kodin bayan binciken da BBC ta yi.

Masu neman gyara suna da hujjarsu. A 2001 Fotugal ta daina ɗaure wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, sai dai ya gurfana gaban kwamitin da ke iya tura shi neman magani, dillali kuwa yana nan a hannun kotu. Kamuwa da cutar ƙanjamau tsakanin masu allurar ƙwaya ta ragu ƙwarai. A yankinmu, Kofi Annan ya kafa wata hukuma ta Afirka ta Yamma a 2013 ƙarƙashin Olusegun Obasanjo, rahotonta na 2014 ya ce a ɗauki mai sha a matsayin maras lafiya, a mayar da ƙarfi kan manyan dillalai. A 2020 Ghana ta yi dokar da ta sa tara a madadin ɗauri ga wanda aka kama da na shansa.

Masu adawa ma ba da baki kawai suke magana ba. Jihar Oregon ta Amurka ta sassauta a 2020, shan ƙwaya a bainar jama'a ya dami mutane, a 2024 ta janye. Ranar 2 ga Disamba 2020, a birnin Biyena, aka kaɗa ƙuri'ar cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari: 27 suka yarda, 25 suka ƙi, Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Kwana tara bayan haka aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara. Mutumin da ke kwana da fargabar ƴan bindiga a Faskari ko Sabuwa, kuma yake jin labarin ƙwayar da ake kai musu daji, da wuya ka shawo kansa da maganar sassauci. Addininmu ma ya haramta kayan maye. A Mayun 2024 har Majalisar Dattawa ta sake amincewa da hukuncin kisa ga manyan masu fatauci.

Amma akwai tambayar da kamu da ɗauri ba su amsa ba: uwar da ɗanta ya kamu, ina za ta kai shi? Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna can Kaduna da Kware, nesa da ƙauyukan nan, ga kuɗin mota, ga hatsarin hanya. Shi ya sa iyaye suka dogara da gidajen mari. A Oktoban 2019 ƴan sanda suka shiga irin waɗannan gidaje a Daura da birnin Katsina, suka fito da matasa cikin sarƙa, da tabon duka a jikinsu. Iyayen nan magani suka je nema, abin da suka samu ke nan.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ana iya raba mai kai buhu daji da yaron da ya haɗiye ƙwaya biyu don ya gama noman kwana, ba tare da an halasta komai ba. Fotugal ta yi nasara ne saboda ta zuba kuɗi a wuraren magani lokacin da take sauya doka. Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo ya yi alƙawarin yaƙi da ƙwaya, ku tambaye shi gado nawa na jinyar masu shaye-shaye zai samar a Funtuwa ko Malumfashi.

Ku faɗa mana ra'ayinku: ɗauri, magani, ko duka biyun? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya shirya mana zuri'a.