Tarihin Koyar da Gyaran Manyan Injuna a Kwalejojin Fasaha na Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta waiwayi yadda gyaran manyan injuna ya tashi daga sana'ar da yaro ke koya a gaban maigida har ya zama darasi a kwalejojin fasaha. Abin da tarihin ya nuna shi ne, kullum injin ne ke riga mai gyaransa isowa.

2.0 Kafin Kafa Kwalejoji

Manyan injuna sun shigo ƙasar nan ne ta hanyar jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, da haƙar kuza a Jos, da kuma ma'aikatar ayyuka ta gwamnatin mulkin mallaka. A ma'aikatun reluwe irin na Ebute Metta da Zariya aka fara horar da 'yan ƙasa, suna kallo suna koya. Daga irin waɗannan wurare ne Hausa ta ari kalmomi kamar fita da makaniki da sifana da gireda. Ita kuwa katafila, sunan kamfanin Caterpillar ne ya zama sunan injin baki ɗaya.

3.0 Zamanin Kwalejoji

An kafa cibiyar fasaha ta Yaba a 1947, sannan ta Kaduna a 1956, wadda daga bisani ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya yi kukan ƙarancin ma'aikatan fasaha matsakaita. Da kuɗin mai suka shigo, sai gwamnati ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, wanda ya fito da tsarin tura ɗalibai masana'antu domin su taɓa injin da hannunsu. A 1977 aka kafa Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna don daidaita manhaja. Shirin masana'antun ƙarfe na Ajaokuta da Aladja ya haifar da cibiyar horarwa ta Onitsha, inda aka ware sashe musamman don gyaran manyan injuna masu tafiya.

4.0 Koma Baya

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada. Injunan koyarwa da suka lalace aka bar su haka nan, ɗalibi ya koma koyon injin a kan allo. Da yawa daga kayan da aka sayo wa makarantun sakandare ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4 sun ruɓe cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da malamai.

5.0 Kammalawa

Har yanzu da Ingilishi ake koyar da darasin a aji, alhali a gareji da Hausa ko Yarbanci ko Ibo ake aikin. Tattara kalmomin da makanikai suka riga suka ƙirƙira, da daidaita su, aiki ne da ke jiran masana harsunan Nijeriya.